Shawara ga masu son tafiya mai nisa a keke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanena ya tambaye ni yadda zai shirya hawa keke daga Sakkwato zuwa Illela, na ce bari in amsa nan kowa ya amfana.

Kada ka fara da Illela. Fara da Wamakko ko Kware, je ka dawo, sau uku a mako, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 duk mako. Fita da an sallame asuba. A Afrilu da Mayu zafin garin nan kan wuce digiri 40, don haka ƙarfe 10 ta same ka a inuwa. Ka sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka, ka jefa ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, dabino a aljihu.

Sirdi ne ya fi ba mutane wahala. Ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kawai. Sirdi mai taushi kamar katifa yaudara ne, bayan awa biyu zai gasa maka cinya. Na taɓa zuwa Bodinga da wandon shadda, kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya. Nemi gajeren wando mai soso ka ɗora dogo a kai, ka ɗaure ƙafarsa kada kaca ta kama.

Hular kwano dole. Famfo da kayan faci su ma, ƙaya ba ta da wuya a gefen titi.