Yadda nake sa ɗalibaina riƙe jinsin suna a Faransanci

Kanawa sun daɗe suna tsokanarmu mu Zazzagawa, wai ba mu san mace da namiji ba a magana, mu ne masu "rigan nan" da "mota ne". To, ban musa ba. Amma na jima ina koyar da Faransanci da yamma a zauren gidanmu a Tudun Wada, kuma ko Bazazzagin ya fi mai Turanci zalla saurin kama jinsin suna, don kunnensa ya saba da "ne" da "ce". Shi Turanci a da jinsi uku gare shi, zuwa ƙarni na 14 duk sun zube. Yau tebur da kujera ba mace ba namiji, sai jirgin ruwa da wasu ke kira she.

Abu na farko da nake hana ɗalibi: kada ya haddace suna tsirara. Ba a rubuta maison, sai une maison. Ba livre, sai un livre. Un da le na namiji ne, une da la na mace, su ake sawa kafin suna. Na fi son un da une a kan le da la, domin idan suna ya fara da wasali, dukansu komawa l' suke yi, jinsin ya ɓuya. Wanda ya haddace l'école da l'argent bai san ta farko mace ce, na biyu namiji ba. Ka sayi biro biyu, ja da shuɗi, mace da ja, namiji da shuɗi, ka riƙa karantawa da ƙarfi.

Sai ka duba wutsiyar kalma. Wannan dabarar tamu ce tun a gida: yawancin sunayen da suka ƙare da "a" a Hausa mata ne, riga, hula, kujera. A Faransanci masu ƙarewa da -tion da -té galibi mata ne, kamar nation da liberté. Masu -ment da -age da -eau galibi maza, kamar gouvernement da village da bateau. Amma kamar yadda gida da ruwa da nama suka ƙare da "a" kuma maza ne, haka can ma akwai masu taurin kai. Page da plage da image mata ne, haka eau da peau. Waɗannan ka ware musu shafin ƙarshe na littafinka, kada su cakuɗa da sauran.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ɗaukar jinsin Hausa a kai wa Bafaranshe. Wani ɗalibina ɗan kasuwa, mai saro kaya daga Kwatano, ya yi mako uku yana cewa la soleil. Na ce, "Alhaji, rana a wajensu namiji ne." Ya ce, "Haba Malam, har a Larabci shamsu mace ce!" Gaskiyarsa, kuma Bajamushe ma yana bayansa: die Sonne mace, der Mond namiji, daidai da rana da wata a wajenmu. Bafaranshe ne ya juya, le soleil da la lune. Babu dalilin da za ka tono a jikin ranar, gado ne daga Latin.

Tunda na ambaci Jamusanci, su jinsi uku ne da su, der na namiji, die na mace, das na wanda ba mace ba namiji, kuma duk sunan da aka ƙanƙanta da -chen na ukun yake shiga, shi ya sa yarinya, das Mädchen, ba a lissafa ta cikin mata ba. Sifaniyanci ya fi sauƙi, -o namiji, -a mace, in ka cire irin su la mano da el día.

Da ka riƙe jinsin, ka haɗa sunan da sifa nan take, yadda muke cewa farin gida, farar mota: un petit village, une petite maison. Kalma goma a rana ta isa, bayan Magariba, a maimaita su da safe kafin a ƙara wasu. Alhaji dai a kan hanyar Kwatano yake bitar nasa, littafin na aljihun gaban riga, kusa da fasfo.