Yadda muke haska fina-finan yaran unguwa a filin makaranta

Shekara huɗu ke nan ina shirya majigi a filin wata firamare a Gwammaja da ke Kano, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, sai in azumi ya kama ko ruwa ya hana. Abin da muke haskawa gajerun fina-finai ne da samari da 'yan matan unguwa suka ɗauka, yawanci da waya. 'Yan uwa daga Kurna da Ɗorayi sun sha tambayata yadda za su yi irin wannan a wajensu, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na koya.

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya ta lasifika, ka san labarin wa kake son a gani. Masana'antar fim ɗin Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa ta taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, lokacin babu wani babban ɗan kasuwa a bayan harkar. Yau yaron da ba shi da ubangida a Zoo Road, inda ofisoshin masu shirya fim suke, zai daɗe yana zarya kafin a karanta masa shafi ɗaya na labarinsa. Kuma akwai labaran da ko ya samu shiga, ba za a saya ba. Cikin ganuwar nan muna da Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, zuriyar mutanen da fatauci da karatu suka kawo tun kaka da kakanni. Ga 'yan Sabon Gari da aka haifa a nan, Hausarsu ta fi ta wasunmu tsafta. Ga kurame da makafi. Sau nawa ka ga ɗayansu a fim a matsayin mutum mai nasa labarin, ba abin a yi dariya ba? Su nake fara nema. Fim ɗin da ya fi taɓa ni a filinmu wata yarinya 'yar Ayagi ce ta yi shi, minti takwas, kakarta tana ba da labarin yadda take sayen goro a Kurmi tana budurwa, rabi da Hausa rabi da Yarabanci.

Kullum ina ba yaran labarin Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka wanda manyan kamfanonin fim na ƙasarsu suka rufe wa irinsa ƙofa. Gida-gida ya riƙa bi yana tallan littafinsa, ya sayar wa manoma hannun jari, ya yi fim ɗinsa na farko a 1919, daga baya ya yi sama da 40. Da kansa yake kai su gidajen kallon da baƙaƙe ke shiga. Abin da nake so su riƙe daga wurinsa shi ne ya nemo 'yan kallonsa da ƙafarsa. Filin makarantar nan aikin da yake yi ke nan.

Sai neman izini, kuma kada ka yi wasa da shi. Ka fara da mai unguwa, ka je da kanka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nuna masa fim ɗaya a wayarka. Namu da ya gama kallo cewa ya yi: "Malam, in dai irin wannan ne, Allah ya taimaka, amma a tashi da wuri." Daga nan ka ga liman da hedimasta. Sannan ka je Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ka gaya musu ainihin abin da za ka yi, ka tambayi abin da doka ta ɗora maka game da haska fim a bainar jama'a, ka bi. Tafiya ɗaya ce za ta raba ka da tashin hankali ranar da fili ya cika.

Kayan aiki ba su da yawa: majigi, farin yadi mai kauri da za a ɗaure tsakanin sanduna biyu in bangon makaranta ba shi da fenti mai haske, lasifika biyu, makirfo, tabarmi, da janareta ko batirin sola. Mu aron majigi muka yi shekara guda kafin muka sayi na hannu. Janareta a kai shi bayan aji da doguwar waya, don ƙararsa tana cinye magana.

Maganar sauti zan tsaya a kanta, domin nan ne yaranmu suka fi faɗuwa. Ɗan kallo zai yafe hoto mai duhu, amma in bai ji abin da tsohuwa take faɗa ba, tashi zai yi. Na taɓa haska wani fim da aka ɗauka a marinar Ƙofar Mata, hoto kamar ka taɓa shunin, amma hon ɗin adaidaita sahu ya rufe bakin marinin gaba ɗaya. Yaron da ya yi shi har hawaye ya yi. Tun daga ranar muka kafa ƙa'ida: waya biyu ake ɗauka da su, ɗaya ta hoto, ɗaya a aljihun gaban rigar mai magana tana naɗar murya. Kafin a fara sai a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin shi zai nuna inda za a haɗa murya da hoto wajen tacewa. In hira ce, a yi ta da sassafe ko a cikin ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka. In za a yi wani yare, a rubuta fassarar Hausa a ƙasan hoto da manyan baƙaƙe, wannan rubutun kuma shi ne ke sa kurame su zo.

Kada fim ya wuce minti goma sha biyar, kada a haska fiye da huɗu a dare. Muna farawa bayan sallar isha'i, mu tashi kafin goma. Mata gefensu daban da nasu tabarmin da fitila, da dattijuwa biyu a bakin ƙofa. Matan aure da yawa ba sa fita da dare, don haka washegari da la'asar muke maimaitawa a wani aji da muka toshe tagoginsa, kuma wannan zaman ya fi na dare zafin muhawara.

Bayan kowane fim, wanda ya yi shi ya fito gaba a ba shi makirfo, jama'a su tambaye shi. Yaron da ya tsaya gaban maƙwabtan babansa ya amsa tambaya, fim ɗinsa na gaba daban yake fitowa. In an nuna fuskar wani, to a tabbata ya yarda tun kafin ɗauka, kuma shi zai fara gani a gidansa kafin jama'a. Yaro ƙarami sai da yardar iyayensa.

Kuɗi kuma a fili ake yin maganarsu. Ba ma karɓar kuɗin shiga, faranti muke zagayawa da shi, a ƙirga a gaban mutum uku. A cire na mai, ragowar a raba wa waɗanda aka haska aikinsu a daren nan, ko da bai fi kuɗin mota da data ba. Ban yarda da a ce wa yaro "ai mun tallata ka" a sallame shi hannu rabbana ba. Muna da adashi tsakanin masu ɗaukar, wanda ya kwasa shi ke yin fim na gaba, sauran su riƙe masa kyamara. Mai shayi da mai kantin bakin layi sukan ɗauki nauyin mai, mu kuma mu ambace su a lasifika.

Kada aikin ya tsaya a filin. Kano gari ne na rediyo, tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi suka yawaita, ga Rediyon Kano, ga tashar Jami'ar Bayero inda ɗalibai ke koyon aiki. Ka yanko minti uku na murya mafi daɗi daga fim ɗin, ka kai wa mai gabatar da shirin al'adu ko na matasa, ka roƙi a gayyaci yaron ko yarinyar da kansu, kai ka zauna a waje. Masu tura wa mutane fina-finai a waya, na kasuwar Farm Centre da na bakin titi, waɗanda manyan furodusoshi ke kuka da su, mu amfani suke mana, domin gajeren fim ba kasuwa yake nema ba tukuna, ido yake nema. Amma sai mai fim ya yarda, kuma sunansa ya fito a farko da ƙarshe. A YouTube ma kowa ya buɗe tasharsa da sunansa, kada kai mai shiryawa ka tara aikin mutane a taka.

Kowane fim a ajiye shi wuri biyu, a kwamfuta da wani faifan ajiya da ke gidan wani daban, a rubuta sunan mai shi da ranar ɗauka da sunayen waɗanda suka yi magana a cikin littafi. Kakar yarinyar nan ta Ayagi ta rasu bara. Wayar da aka ɗauke ta da ita ta daɗe da lalacewa, a faifanmu 'ya'yanta suka zo suka kwafi muryarta bayan sadakar bakwai.