Yadda ake neman gurbin karatun siyasa, soshiyoloji ko hulɗar ƙasashe a jami'a

Tun kafin ka buɗe fom bari in faɗa maka abu ɗaya, son hirar siyasa daban, karatun siyasa daban. Ƙanne da yawa sun sha turo min takardar neman gurbinsu in duba musu, kuma wallahi yawancinsu da layi ɗaya suke buɗewa, wai "tun ina ƙarami nake sha'awar siyasa", daga nan sai a hau zagin 'yan siyasa, a rufe da cewa in an ba ni dama zan gyara duniya. Malamin da ke tace takardun nan ya ga irin wannan har ya gaji kafin ya iso kan taka. Shi ba jam'iyyarka ta dame shi ba, so yake ya ga ko kana iya tsayawa ka ce to me ya sa abu kaza yake faruwa, kuma ina hujja.

To fara da sanin me kake nema ma tukun, don ukun nan 'yan gida ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba ne. Kimiyyar siyasa tambayarta wa ke riƙe da iko, ta yaya ya same shi, kuma me ya sa miliyoyin mutane suke masa biyayya alhali sun fi shi yawa. A nan za ka haɗu da Max Weber, Bajamushen da ya ce a 1919 hukuma ita ce wadda ta keɓe wa kanta halascin amfani da ƙarfi a cikin iyakar ƙasa, ka riƙe wannan jimlar don sai ta biyo ka har shekarar ƙarshe. Soshiyoloji kuma, wato nazarin zamantakewa, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta, wasu sun ɗauka kwas ne na wanda ya rasa inda zai shiga, alhali ita ce ke ɗaukar abin da kake ganin zaɓin mutum ne shi kaɗai ta nuna maka hannun al'umma a ciki. Emile Durkheim a 1897 ya tattara alƙaluman masu kashe kansu a Turai, ya ga adadin ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa a marasa aure fiye da masu iyali, sai ya ce ashe ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin mutum da jama'arsa yana da hannu. Kuma tun kafin shi da ƙarni biyar Ibn Khaldun ya yi maganar asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da yadda dauloli ke tashi su faɗi a littafinsa Muƙaddima na 1377. Ita ko hulɗar ƙasashe ƙarama ce a cikinsu, a 1919 aka kafa kujerar farfesanta ta farko a Aberystwyth da ke Wales, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye mutane, kuma tambayarta har yau ita ce yaya ake zama a duniyar da babu wata gwamnati a saman gwamnatoci.

In ka kasa zaɓa ba laifi ba ne, akwai digirin da ya haɗa su. Cambridge tana da HSPS inda za ka ɗanɗana siyasa da soshiyoloji da nazarin al'adun ɗan Adam a shekarar farko kafin ka tsaya a kan layinka, Oxford kuma PPE take da shi tun 1920, falsafa da siyasa da tattalin arziki. Amma don Allah kar sunan kwas ya ruɗe ka, shiga shafin sashen ka karanta jerin darussan shekara-shekara, domin jami'o'i biyu za su iya kiran digirinsu da suna ɗaya amma wannan ya cika da tarihi da falsafa, wancan kuma alƙaluma ne zalla. Wannan maganar ta alƙaluma fa da gaske nake, mutane da dama sun gudo nan ne don tsoron lissafi sai ga shi a shekara ta biyu an zaunar da su gaban kwamfuta da manhajar alƙaluma irin SPSS ko R ana koya musu yadda ake ɗibar samfuri da karanta sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi. Ba wani tashin hankali ba ne, amma gara ka sani tun yanzu.

Batun wa'adi ba a wasa da shi. In Birtaniya ka nufa ta UCAS ake bi, wato hukumar da ke karɓar takardun neman gurbi ta miƙa wa jami'o'in ƙasar, zaɓi biyar kake da shi, Oxford da Cambridge suna rufewa 15 ga Oktoba kuma ba a neman su biyun a shekara ɗaya, sauran yawanci a Janairu suke rufewa. Amurka kuma jami'o'i da yawa ta Common App suke karɓa, wato fom ɗaya na intanet da ake tura wa jami'o'i daban-daban, rubutunka kar ya wuce kalma 650. Kowace ƙasa da ƙofarta, abin da ya haɗa su dai shi ne sakamakon sakandare, wasiƙar shaida daga malami, da jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL in an buƙata. Malamin da zai rubuta maka shaida ka same shi da wuri, ka ba shi wanda ya san aikinka a aji, ba mai babban muƙamin da ko sunanka bai riƙe ba. Tallafin karatu ma ka duba sharuɗɗansa da kyau, misali Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu ne, kar ka ɓata makonni a kansa in na farko kake nema.

Yanzu takardar bayanin kai, inda ake cin wasan ko a zubar. A UCAS haruffa 4,000 ne kacal har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ka ga babu filin dogon sharar fage. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ka kama tambaya ɗaya da ta taɓa hana ka sukuni ka bi ta. Wata ƙanwata ta fara rubuta cewa tana son zaman lafiya a duniya, na ce mata wa ya ce ba ya so? Muka zauna, sai ta ce ita abin da ke ba ta haushi shi ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 15 ne amma biyar, Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, kowace ɗaya tana iya hawa kujerar naƙi ta kashe ƙuduri. Na ce yauwa, je ki karanto me ya sa aka tsara shi haka a 1945. Ta dawo da cewa waɗanda suka tsara sun ga yadda ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar, wato League of Nations, ta mutu, Amurka ma ba ta taɓa shigarta ba, suka ga gara a ba manya wannan fifikon su zauna a ciki da su fice a bar majalisa fanko. Ba ta daina jin haushin ba, amma yanzu tana da ɓangare biyu a hannu, kuma wannan sakin layin shi ya zama ƙashin bayan takardarta. Haka ake so, na yi zaton kaza, na karanta kaza, tunanina ya motsa zuwa kaza. Littafi biyu da ka narke a cikinsu sun fi goma da ka jera sunayensu, kuma kar ka kuskura ka ambaci wanda ba ka karanta ba, a intabiyu shi za a fara ɗaukowa.

In an kira ka intabiyun, ka sa a ranka za a ƙalubalance ka ko da amsarka daidai ce, haka salon yake. Za a iya ce maka shin zaɓe kaɗai ya isa a kira ƙasa mai dimokuraɗiyya, kana cewa eh a kawo maka ƙasar da ake zaɓe amma an kulle jaridu. Kar ka yi taurin kai kuma kar ka zube nan take, yi tunaninka a fili su ji, ka ce to in haka ne bari in gyara ma'anar da na bayar. Kafin ranar ka samu wani ya zauna ya yi ta musu da kai na minti 20 a kan takardarka, layi bayan layi, duk inda ka ji bakinka ya sarƙe ka sa alama ka koma ka sake karanta wurin.