Darasi na 7: Ladabin filin rawa a ƙasar Sikotilan

A Sikotilan, can arewacin Birtaniya, akwai rawar gargajiya da mutum ɗaya ba ya iya yin ta. Sahu biyu ake jerawa, maza a gefe, mata a gefe, suna fuskantar juna. Yawanci mutum takwas ne a rukuni. A shekarar 1923 wasu mata biyu, Jean Milligan da Ysobel Stewart, suka kafa ƙungiya a Glasgo don kada rawar ta ɓace. Ƙungiyar ita ce RSCDS, wato Royal Scottish Country Dance Society, hedikwatarta tana Edinbara.

Ba a shiga fili sai mai sanarwa ya faɗi sunan rawar. Daga nan kowa ya nemi abokin rawa, kuma mace tana iya gayyatar namiji. In an gama, a canza aboki, ko da miji ne da matarsa. Wannan al'ada tana burge ni ƙwarai, domin baƙon da bai san kowa ba ba zai ƙare darensa a kujera ba.

Yanzu ga wurin da sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Kan sahu shi ne wajen makaɗa. Duk wanda ya zo, ƙarshen sahu zai tsaya. Ba a kutsawa tsakiya, ba a ratsa sahu don gajarce hanya. Namijin da ke kan sahu shi zai bi layi yana ƙirga mutane bibbiyu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya sake komawa ɗaya. Ka riƙe lambarka. Da zarar an ƙirga da kai, babu fita. Ga dalili: a yawancin raye-rayen, shida ke motsi, biyu na jira, kiɗa ya zagayo sau takwas, kowane biyu su ja gaba sau biyu. In mutum ɗaya ya sulale, sauran bakwai sai su tsaya cirko-cirko. Saboda haka in rawar ta fi ƙarfinka, ka zauna tun kafin ƙirga.

Makaɗa za su saki sauti guda mai tsawo. Namiji ya sunkuyar da kai, mace ta ɗan rusuna. Sannan ka dubi idon abokin rawarka da fara'a. A wurinsu kallon ido ba rashin kunya ba ne, girmamawa ce. In wani ya ɓata hanya, ba a tura shi, ba a daka masa tsawa. A nuna masa da hannu ko da ido, a ci gaba.

Takalmi mai laushi marar dunduniya ake sawa. A babban biki maza kan ɗaura kilt, wato zanen ulu mai ratsi da ya tsaya a gwiwa.

Da kiɗa ya tsaya, ka gode wa abokin rawarka da sauran rukuni, ka tafa wa makaɗa, ka raka shi bakin fili.

Aiki: Rubuta jimla biyu a kan abin da ya hana mutum fita bayan an ƙirga da shi.