Ranarka ta farko a otokuros: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara idan sanyi ya janye a Amurka aka buɗe kakar otokuros, sababbin fuskoki kan cika fili, kuma kurakuran da na bara suka tafka su ne na bana za su maimaita. 'Yan shekarun nan har 'yan'uwanmu mazauna nan sun fara leƙowa, ɗalibai da ma'aikata, kuma tambayarsu kusan guda ce: wace taya zan saya, wane gyara zan yi wa inji? Ban taɓa ganin wanda rashin sabuwar taya ya ɓata wa ranar farko ba. Abubuwan da ke ɓata ta ba su cin ko sisi.

Ga wanda bai sani ba, otokuros ba tseren da motoci ke gogayya kafaɗa da kafaɗa ba ne, kuma ba wasan motar da samari ke yi ranar ɗaurin aure a gida ba ne. Fili ake samu mai faɗi, wurin ajiye motoci na filin wasa ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin nan masu tsini masu ruwan lemo, irin na masu gyaran titi, a fitar da hanya mai kwana-kwana. Kowace mota tafiyarta take ita kaɗai, agogo ne abokin hamayyarka. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun da wuya ya haura kilomita 100 a awa, kuma kusan duk tafiyar a giya ta biyu ake yin ta. Ƙungiyar SCCA ta masu wasan mota a Amurka, wadda aka kafa a 1944, ita ta fi shirya shi da sunan Solo, kuma duk watan Satumba direbobi sama da 1,000 kan haɗu a Lincoln ta jihar Nebraska don gasar ƙasa. Kai ba can za ka ba tukuna. Reshen ƙungiyar na yankinku za ka, da motar da kake zuwa aiki da ita.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne rashin taka hanyar da ƙafa. Da safe kafin a tayar da kowace mota ana buɗe fili, kowa ya zaga a ƙasa. Hanyar yau ba ita ce ta wancan watan ba, kowane taro sabuwa ake tsarawa, kuma ba a ba ka zagayen gwaji. Wannan tattakin shi ne kaɗai karatunka. Sai ka ga sabon shiga ya bi ayari, kofin shayi a hannu, yana hira da aboki kan farashin mota, ya zaga sau ɗaya ya koma ya zauna. Da aka ɗaga masa tuta ya shiga, sai fili ya zame masa tekun robobi, bai san gabas ba bai san yamma ba. Ya tsallake ƙofa ɗaya, wato tsakanin robobin da ya kamata ya ratsa, aka rubuta masa DNF, ma'ana bai kammala ba, zagayen ya tashi a banza ko da ya fi kowa sauri. Ya sake shiga, ya sake tsallake ƙofar nan dai, domin bai ma san inda ya ɓata ba. Zagayen da ake ba mutum a wuni bai taka kara ya karya ba, galibi uku zuwa shida. Ka biya kuɗin rajista, ka yi sammako, ka ƙone biyu ko uku a neman hanya, me ya rage maka?

Ni ga yadda nake yi, kuma ban ce kowa haka yake yi ba. Zagayen farko ina bin tattakin da ake shirya wa sababbi, inda wani tsohon hannu ke gaba yana bayani, kuma har yau ban daina bi ba. Na biyu ni kaɗai, ba hira, ba waya. Ina tafiya daidai inda kujerar direba za ta bi, ba tsakiyar hanya ba, kuma a wuraren da suka rikice nakan durƙusa in duba, domin abin da mai tsaye ke gani daban yake da abin da mai zaune a mota ke gani. Daga sama robobi a rarrabe suke, daga kujera sai su haɗe su zama katanga. Na uku ina neman robobin da suka dame ni kawai. A cikin ɗaruruwan da aka jera, waɗanda ke juya mota ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran ado ne da shinge. Waɗanda aka kwantar a ƙasa kuwa nuni suke yi: inda tsininsu ya kalla, ta wancan gefen robar da ke tsaye za ka bi. Idan na gama sai in tsaya a gefe, in rufe ido, in tuƙa hanyar a kaina daga farko har ƙarshe. Inda hoton ya yanke, can nake komawa. Mutane za su gan ka tsaye ido a rufe kana juya hannu a iska. Bar su, duk wanda ya daɗe a fili ya san me kake yi.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa aljihuna, shi ya sa nake zafi a kansa. Sabon shiga yana ɗauka ƙarar taya ita ce alamar gudu. Ya danno kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, ya murza sitiyari, motar ta ƙi juyawa ta ci gaba da tafiya miƙe, tayoyin gaba na ihu. Maimakon ya sassauta, sai ya ƙara murzawa. A kakata ta farko haka na riƙa yi, ina jin kaina gwani saboda hayaniyar da nake tayarwa, har gefen tayoyin gaba ya cinye ya yi sumul alhali tsakiyarsu sabo fil. Kuɗin tayoyi biyu ya tafi, kuma wani dattijo mai tsohuwar Mazda Miata da ko ƙara ba ta yi yana ba ni daƙiƙoƙi masu yawa a kowane zagaye. Taya tana da iyakar riƙon da za ta iya. Idan ka cinye riƙon wajen birki, babu saura na juyawa. Idan tayar gaba ta fara zamewa, ƙarin murza sitiyari sai dai ya ƙara goge ta a kwalta. Maganin ya saɓa wa abin da jiki ke so: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan warware sitiyarin, ka jira taya ta kama. Mafi kyau ma kada ka kai can. Taka birki da wuri, da ƙarfi, tun motar tana miƙe, ka shiga kwanar a hankali, ka fita da wuta. Sauri ya haifi nawa, kuma a nan agogo ne ke ba da shaida.

Tushen wannan duka ido ne. Wanda ke kallon robar da ke gaban bonet ya riga ya makara, domin lokacin da ya gan ta ba abin da zai iya yi a kanta. Ɗaga kai, kalli ƙofa ta gaba da wadda ke bayanta, wani lokaci ta tagar gefe ma za ka duba. A silalom, wato robobin da aka jera a layi ɗaya ana ratsa su dama da hagu, ka fara juyawa tun kafin ka iso robar, ka wuce ta bayanta kamar za ka shafe ta da tayar baya. Wanda ya makara a ta farko zai fi makara a ta biyu, a ta huɗu sai ya kwashe ta. Kowace roba an zagaye gindinta da alli. Ka kayar da ita ko ka fitar da ita gaba ɗaya daga zanen, an ƙara maka daƙiƙa 2. A wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗigon daƙiƙa, wannan ba ƙaramin tara ba ne.

Sai masu kashe kuɗi kafin su taɓa shiga fili. Ɗan'uwa, ajiye katinka. Motoci rukuni-rukuni ake kasa su gwargwadon irinsu da gyaran da aka yi musu. Rukunin Street na motocin da ba a taɓa su sosai ba ne, da tayoyin da lambar jurewarsu ta kai 200. Ka sauke motar ƙasa da gajerun sifirin, ko ka sa a taɓa kwamfutar inji, ka fita daga nan ka faɗa cikin waɗanda suka shekara suna gina motocinsu. Ka sayi wahala da kuɗinka. Zo da motar yadda take, in dai lafiyarta ƙalau. Abin da kawai za ka tambaya tun kafin rajista shi ne ko za a karɓe ta, domin dogayen motoci masu tudu, irin manyan jif da akori-kura, galibi ba a barin su saboda haɗarin kifewa.

Yanzu bari in yi faɗa. A otokuros babu ma'aikatan haya. Idan rukuninku ba ya tuƙi, aiki yake yi: ku ne za ku tsaya a fili kuna tayar da robobin da aka kayar, kuna sanar da masu agogo. Na sha ganin mutum ya gama zagayensa ya tattara kaya ya sulale, wai yana da uzuri. Wa ka bar wa aikin? Waɗanda suka tsaya a rana dominka ɗazu su ne za su rasa mai tsaya musu. Rassa da yawa soke sakamakon irin wannan mutum suke yi, kuma ni ina ganin sun yi daidai. Idan kana wurin aikin kuma, ba a zama, ba a danna waya, ba a ɗaukar hoto, ba a juya wa mota baya. Roba ba ta kai ranka ba. In mota ta gaba ta matso, bar ta a kwance. Mai riƙe da jar tuta ya riƙe ta a naɗe a hannu, a shirye. Kai kuma direba, ka ga jar tuta, tsaya cak, za a sake ba ka zagayen. Kuma don Allah a bar mana zuwa a makare. Lokacin biki daban, na nan daban: an rufe rajista an rufe, an gama duba motoci an gama, taron direbobi na safe kuwa wajibi ne. Ka zo a makare, tattakin da na gama yi maka bayani shi za ka fara rasawa.

Wajen duba mota, abin da ya fi mayar da mutane baya shi ne batir da ba a ɗaure ba. Girgiza shi da hannu tun a gida. Notocin taya su cika kuma su ɗauru, birki kada ya nutse, kada mai ya riƙa ɗiga. Kwashe komai daga cikin mota da but, har shimfiɗar ƙafa ta gefen direba, domin ita ce ke zamewa ta shige ƙarƙashin birki. Gorar ruwa ɗaya da ta gangaro ƙafarka a tsakiyar kwana ta isa.

Hular kwano sai mai tambarin ingancin da dokar ta amince da shi, kamar na Snell, masu gwada ƙarfin hula, na shekarun da ake karɓa, tambarin Snell yana ciki ƙarƙashin soso. Mai tambarin DOT kaɗai, wato na ma'aikatar sufuri ta Amurka, ba ta wucewa a taron SCCA. Kada ka saya tukuna, yawancin rassa suna da na aro. Takalmi rufaffe mai siririn ƙasa, ba silifa ba. Lasisin tuƙi a aljihu. Lambar mota da tef mai launin da ya bambanta da fentin, babba yadda masu agogo za su gani daga nesa. Shuɗin tef a kan baƙar mota ba wanda ke iya karanta shi.

Iskar taya: ni nakan ƙara psi 4 ko 5 a kan abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba tare da na haura iyakar da ke jikin tayar ba, sannan in shafa alli a kafaɗarta. Bayan zagaye in duba. In allin ya goge har ya gangara gefe, tayar na naɗewa, a ƙara iska. In bai taɓu ba sam, a rage. Wasu za su ce maka wannan tsohon yayi ne. Ni dai yana yi mini aiki. Zo da ma'aunin iska naka, kuma ka tuna ka mayar da ita daidai kafin ka hau titi.

Mai kada ya gaza rabin tanki, domin a doguwar kwana yakan tattaru gefe guda inji ya shaƙe. Kujera ka matso da ita gaba fiye da yadda ka saba, har wuyan hannunka ya iya hawa saman sitiyari kafaɗarka na jingine. Ka sa giya ta biyu ka manta da ita. Na'urar hana zamewa ka bar ta a kunne a zagayen farko, duk abin da matasan fili za su ce. Bayan zagaye kada ka ja birkin hannu a kan birki mai zafi, ka kashe motar a giya in wurin a shimfiɗe yake. Ruwa, hula da abinci ka zo da su, wuni za ka yi a kan kwalta babu inuwa, kuma in za ka yi salla ka duba jadawalin tun da safe ka san tazarar da ke tsakanin tuƙinka da aikinka.

Inshorar motarka ta yau da kullum, karanta takardar da kanka. Da yawa sun cire duk wani taron da ake auna gudu da agogo. Karo a otokuros abu ne da ba a cika gani ba, amma turakun fitila da shinge suna nan a gefen fili, kuma gara ka san matsayinka tun kana gida.

Akwai kuma girman kai, wanda ya fi kama waɗanda suka daɗe suna tuƙi. Shekara ashirin a kan titi ba ta koya maka abin da mota ke yi a iyakar riƙonta ba. Rassa da yawa suna da masu koyarwa da za su zauna a gefenka kyauta, kuma inda doka ta bari, kai ma ka nemi wani gwani ya ɗauke ka a motarsa. Ka lura da ƙafarsa da inda yake kallo, ba allon gudu ba. Idan an tashi kuma, ka fita daga wurin a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Filayen nan aro ne ko haya, samunsu wuya gare shi, kuma mutum ɗaya da ya ƙona taya a bakin ƙofa maƙwabta suka kai ƙara ya isa ya sa mai fili ya hana kowa dawowa.