Kurakuran ɗaliban nazarin zamantakewa masu shirin karatun lauya

Duk shekara sai wani ɗalibi ya same ni da magana ɗaya: "Malam, na gama nazarin zamantakewa, lauya nake son zama." Madalla, hanya ce mai tarihi. Cikin magabatan nazarin zamantakewa, Max Weber shari'a ya karanta a jami'ar Heidelberg ta Jamus, Durkheim kuma a littafinsa na 1893 da dokoki ya auna haɗin kan al'umma. Abin da ya ishe ni shi ne ramin da na faɗa, shi kuke ta faɗawa.

A jarrabawata ta farko ta shari'a an ba mu labarin ɗan haya da mai gida ya kora. Na cika shafi huɗu da talauci da danniyar masu hannu da shuni. Ko an ba shi sanarwa, ko wa'adinsa ya cika, ban duba ba. Na faɗi, na maimaita kwas ɗin. Malamin bai ce na yi ƙarya ba, cewa ya yi ban amsa tambaya ba. Mu an horar da mu kan "me ya jawo haka", alƙali kuwa so yake ya ji wace doka ce, wane hukunci ya gabata, kuma yaya ya hau kan wannan batu. Tun daga nan, duk shari'ar da na karanta sai na taƙaita ta a rabin shafi: abin da ya faru, abin jayayya, hukunci, dalili. Sannan in rubuta hujjar ɓangaren da zuciyata ta ƙi. Wanda ba zai iya kare mai gidan nan na minti biyar ba, bai shirya ba tukuna.

Kuskure na biyu ya fi ƙona mini rai: ɓoye tabo. Wani ɗalibina an taɓa kama shi da satar rubutu, ya ɓoye mini, ya ɓoye a fom ɗin neman makarantar lauya, na rubuta masa shaida mai kyau. Maganar ta fito, gurbin ya tafi, sa hannuna kuma ya zubar da ƙima. Haba! Aikin da za a damƙa maka sirrin mutane da kuɗinsu, da ƙarya za ka shige shi? A Amurka, kafin a ba ka lasisi, masu binciken hali kan kwatanta abin da ka faɗa musu da abin da ka rubuta lokacin neman makaranta, kuma ɓoyewar kan fi laifin nauyi. Ka faɗi da bakinka, ka nuna gyaran da ka yi. Yanzu ba na sa hannu sai na tambayi ɗalibi ido da ido.

Kada ka nemi shaida wurin babban farfesan da bai san sunanka ba. Wanda ya duba rubutunka ya fi. Kada ka zo saura kwana uku a rufe. Masu rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya a Amurka wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, ku riƙa gwaji da agogo a gaba. A rubutunku kuma, jimla mai layi biyar a raba ta uku.