Yadda ake tsara kiran mace mai muƙamin soja a wasannin yaƙin sararin samaniya

Duk mai rubuta wasan kwamfuta na sojojin sararin samaniya, ko mai mayar da shi Hausa, sai ya yanke shawara ɗaya kafin ya rubuta layin farko: idan ɗan wasa ya zaɓi mace a matsayin kwamanda, da me na ƙasa da ita za su kira ta? In aka bar wannan sai ƙarshen aiki, gyaransa ya fi rubutun wuya.

Manyan wasanni sun bi hanya uku. Ta farko ita ce bin sojojin Amurka da Birtaniya na zahiri, namiji "sir", mace "ma'am". Haka ake kiran Kwamanda Miranda Keyes a jerin Halo, haka kuma Shepard, kwamandan da ɗan wasa ke bugawa, idan aka zaɓe ta mace a Mass Effect na 2007. Ta biyu ita ce "sir" ga kowa, kamar yadda ake kiran sojar Jamhuriya a Star Wars: The Old Republic na 2011, inda matan Sith, abokan gabar Jamhuriyar, su ma "lord" ake ce musu. Ta uku muƙami zalla: a XCOM: Enemy Unknown na 2012 ɗan wasa Kwamanda ne kawai, ba a nuna fuskarsa, ba a faɗin jinsinsa. Kowacce tana aiki muddin aka tsaya a kanta. Abin da ke ɓata wasa shi ne cakuɗawa, wannan kurtu ya ce "ma'am", na gaba ya ce "sir", ba tare da labarin ya ba da dalili ba.

Ga Hausa, hanya ta biyu ba ta da amfani. Turanci ya ɗora jinsi a kan kalma ɗaya, shi ya sa yake iya ɓoye shi. Hausa kuwa ta baza shi cikin jimla. Ko an ce mata "Yallaɓai", aikatau na biye da shi, kuma dole ya zama "kin iso" ko "ka iso". "Yallaɓai, kin iso" yana da nauyi a kunne, "ka iso" ga mace kuma kuskure ne ƙarara. Saboda haka shawararmu ita ce a ɗauki muƙami ya zama ginshiƙi, a bar nahawu ya nuna jinsi yadda ya saba.

Muƙaman soja ba sa sauya siga saboda mace: Laftanar, Kyaftin, Manjo, Kanar, Birgediya Janar. Aderonke Kale, mace ta farko da ta kai Manjo Janar a rundunar sojan ƙasa ta Najeriya a 1994, Manjo Janar ce, ba a ƙara wa muƙamin komai. Kada a ƙirƙiro "Kyaftiniya" ko "Kanariya". Inda jinsi ke fitowa shi ne wurin haɗi da ƙarshen jimla: "kwamandan rundunar" da "kwamandar rundunar", "shi ne" da "ita ce". Wasu sojojin duniya ma kusan haka suke yi. A Jamus ana cewa "Frau Hauptmann", muƙamin yana nan a sigarsa ta maza. A sojan ƙasa na Faransa ana ce wa namiji "mon capitaine", mace kuma "capitaine" kawai.

Sai a zaɓi kalmar girmamawa guda ɗaya da za ta riƙa rakiyar muƙamin. "Ranki ya daɗe" ta fi kowacce dacewa, domin tana da takwararta daidai wa daida, "ranka ya daɗe", kuma tsawonsu ɗaya a rubutu da a baki. Aibinta tsayi: ba a faɗinta ana cikin ruwan harsashi. A fagen fama a tsaya ga "To, Kyaftin" ko "An gama, Manjo". Idan ana son ƙamshin bariki irin na Najeriya, "Ma" ita ce abokiyar "Sa". A guji "Madam" da "Uwargida", don mai saurare zai ɗauka matar oga ake nufi, ba ogar ba. "Hajiya" da "Malama" suna fitar da ita daga kaki gaba ɗaya. "Yallaɓiya" ana jin ta, amma sau da yawa da ɗan raha a ciki. Ta dace da abokin aiki da suka shaƙu, ba ta dace da kurtu a gaban Kanar ba.

Daga nan a zana jadawalin wa ke kiran wa. Na ƙasa, muƙami da girmamawa. Tsara, muƙami a bainar jama'a, sunan mahaifi ko laƙabi in sun keɓe. Na sama, muƙami da suna, ko suna kaɗai idan ransa ya ɓaci. A tuna Saje da Kofur ba hafsoshi ba ne, da muƙaminsu ake kiransu. Idan ɗan wasa ne zai rubuta sunan da yake so, a tanadi suna guda da ba ya sauyawa don masu murya su samu abin faɗa. Dabarar Mass Effect ke nan: sunan farko naka ne, amma Shepard kowa ke furtawa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a cikin fayil ɗin da ke ɗauke da layukan wasan. Mai tsara manhaja da ya saba da Turanci zai bar gurbi ɗaya a jimla, na'ura ta cike shi da "sir" ko "ma'am". Wannan ba ya yi wa Hausa, kuma umarnin a mayar da kowane "ka" zuwa "ki" ya fi shi ɓarna. Kalmar "ka" ta namiji tana da takwarori uku a wajen mace. "Ka duba taswira" ya koma "ki duba taswira". "Ka iso lafiya" ya koma "kin iso lafiya". "Abin da ka ce" ya koma "abin da kika ce". Sauyin kai-tsaye zai haifi "abin da ki ce", wanda ba Hausa ba ne. Ga kuma "maka" da "miki", "kake" da "kike", "jirginka" da "jirginki", "rundunarka" da "rundunarki". Maganin shi ne a rubuta jimlar sukutum sau biyu, a ba kowacce lambarta, manhaja ta zaɓi jimla, ba kalma ba. Tsarin ICU MessageFormat, wanda masu fassara manhaja ke amfani da shi, yana da umarnin zaɓi da ke yin wannan, manhajojin gina wasa Unreal da Unity ma suna da hanyar zaɓen rubutu bisa jinsi.

Wannan yana cin kuɗi, gara a lissafa tun farko. A ce wasa yana da layi 2,000 na murya, 600 daga ciki suna magana da kwamanda ko a kanta: za a naɗi 2,600 ke nan. Ana rage adadin ta hanya biyu. Ɗaya ita ce sigar da ba ta ambaci mai aiki ba: "An kai wa jirgi hari", "Ana jiran umarni". Ɗayar kuma "ku" na girmamawa: "Kun ga rahoton, Kanar?" Wannan Hausa ce tsantsa kuma ba ta da jinsi, sai dai tana da tarko. A wurin da kwamanda ke tsaye da dakarunta, "ku koma baya" ba ya nuna ita kaɗai ake nufi ko duka rundunar, kuma a tsakiyar faɗa wannan ruɗanin zai sa ɗan wasa ya yi abin da ba shi aka ce ba. A bar "ku" ga ofis da faretin girmamawa.

Kada a manta da maganar bayan ido. Sojoji biyu suna hira a lungun jirgi, "Kwamanda ya ce a shirya", alhali mace ce. Irin waɗannan layukan su suka fi kuɓucewa, domin ba a sa su cikin jerin masu magana da ɗan wasa. Bakinta ma yana da jinsi: "ni soja ce", "ni ce mai ba da umarni a nan".

Kafin a saki wasan, mutum ɗaya ya buga shi daga farko har ƙarshe da kwamanda mace, ya kunna rubutun da ke bin murya a allo, yana saurare yana karantawa, don sau da yawa murya na cewa "kin" rubutu na nuna "ka". Wani kuma ya bincika fayil ɗin yana neman "kai", "maka", "kana", "kake", "masa" da duk kalmar da ta ƙare da "nka" ko "rka", ya tabbatar kowane layi da ya fito yana da takwaransa na mace.